Injin leza a Jekadafari: littafin aikin wata uku

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Alhamdu lillahi, injin leza, mai yanka da zane da haske mai ƙarfi, ya iso Gombe. Da hantsi tirela ta sauke shi, muka ɗauko shi a a-kori-kura zuwa shago. Mu shida muka ciccibe shi, kuma sai da aka cire ƙyaure ɗaya kafin ya shiga. Kwana goma sha ɗaya ya yi a hanya daga Legas, ni kuwa duk kwanakin nan hankalina na kan bututun gilashin da ke cikin akwatin katako. Tsawonsa ya haura mita ɗaya, kuma shi ne ran injin. In ya tsage a ramin hanya, sauran tarin ƙarfe ne kawai. Na buɗe, na ɗaga shi a hasken rana, na juya shi a hankali. Lafiya lau.

Shekara goma sha uku ke nan ina rubuta allunan shaguna, ina yin hatimi da lambobin yabo. Duk aikin da ke son yankan leza sai na aika Kano, in jira mako guda, wani lokacin ya dawo da kuskure a suna in biya daga aljihuna. Dalilin da ya sa na sayar da filina na Tumfure ke nan. Injin mai iskar CO2 ne, wat 80, faɗin teburinsa santimita 60 a 90. Kuɗinsa naira miliyan 4 da dubu 300, kuɗin mota da 'yan dako dubu 195.

Laraba, 8 ga Janairu

Mai wayarin ya zo. Ya ja wa injin layinsa shi kaɗai, ya sa sitabilaiza, sannan muka haƙa rami a bayan shago muka binne sandar atin, wadda ke zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, muka zuba gawayi da gishiri. Da farko ya ce ba sai an yi ba. Na nuna masa jar wayar da ke shiga bututun, na ce wutar da ke bi ta nan ta haura bolt dubu ashirin. Bai ƙara magana ba, ya ɗauki diga. An kashe dubu 240 har da sitabilaizar.

Magini ya huda bango don bututun hayaƙi.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau Allah ya tsare. Bututun leza ruwa ne ke zagaya shi yana ɗauke zafi, kuma ba a sa masa ruwan famfo ko na burtsatse, don gishirin da ke ciki yana daskarewa a jikin gilashin. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Na aiki ɗan yayata, wanda ke taya ni aiki kafin ya rubuta jarrabawar shiga jami'a, ya sayo galan biyu. Ya ce wa mai shago "ruwan batir", shi kuma ya ba shi. Har na buɗe murfin tanki zan tuttula, ɗigo ɗaya ya faɗi a kan siminti, na ga yana kumfa. Asid ne, wanda ake zuba wa sabon batir. Suna ɗaya ake kiran su da shi a kasuwa.

Yaron ya tsorata, ya ce, "Kawu, wallahi abin da ka ce na faɗa masa." Na ce laifinka ba ya ciki, ni ne ban yi maka bayani ba. Na koma da kaina aka canza mini. Daga yau kowane galan sai an ɗiga shi a ƙasa an gani kafin ya kusanci injin.

Na ɗaura bututun, na kunna famfon ruwa, na ɗan karkata shi har kumfar iska ta gama fita. Ban kunna leza ba tukuna.

Talata, 14 ga Janairu

Saitin madubai. Kwana uku ya ci mini, kuma shi ne aikin da ya fi koya mini yadda injin yake.

Hasken yana fitowa daga bakin bututu a baya, ya bugi madubi na farko, ya juya zuwa na biyu da ke tafiya gaba da baya, ya sake juyawa zuwa na uku da ke kan kan injin, daga nan ya sauka ƙasa ta cikin wata 'yar ƙwayar gilashi mai ruwan ɗorawa. Ita ce ke tattara shi wuri guda, siriri kamar gashi, a tazarar inci biyu daga jikinta. Abin da yara ke yi da gilashin ƙara girman rubutu a rana su ƙona takarda, shi ne wannan, sai dai ƙarfin ba ɗaya ba. Kuma ido ba ya ganin wannan hasken ko kaɗan. Jan ɗigon da ake gani a kan katako wata 'yar fitila ce daban, ta nuna hanya kawai.

Tun da ba a ganinsa, sai a manna salatif na takarda a gaban madubi, a danna maɓalli sau ɗaya, ya bar ɗan tabon ƙuna. A tura kan injin can nesa a sake dannawa. In tabo biyun sun hau kan juna, saiti ya yi. In ba su hau ba, akwai noti uku a bayan kowane madubi, a murɗa kaɗan, a canza salatif, a sake. Na kusa cinye nadi guda na salatif. Kusurwar dama ta gaba ce ta fi ba ni wuya, ashe ƙasan shagon ne ba daidai ba, injin ya ɗan karkace. Da muka sa ma'aunin magina muka daidaita ƙafafunsa huɗu, tabon ya dawo tsakiya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Babu wuta tun jiya. Na zauna ina koyon LightBurn a kwamfuta, manhajar da ake shirya zane da ita a tura wa injin.

Litinin, 20 ga Janairu

Yanka na farko: dagin Arewa a kan akirilik, wato roba mai kama da gilashi, mai kaurin milimita 3. Da na ɗaga murfi na taɓa shi da yatsa sai ya faɗo da kansa, gefensa sumul yana sheƙi kamar an goge. A da da zarto da sanfefa zan wuni a kan irin wannan, kuma kusurwoyin ba za su fita haka ba. Maƙwabcina tela ya shigo, ya daɗe yana juya shi a hannu.

Na buɗe shafi a bayan littafin nan don rubuta gudu da ƙarfin da kowane kaya ke so. Akirilik milimita 3: gudun milimita 16 a sakan, ƙarfi kashi 60 cikin 100. Filawud milimita 3: gudun 20, amma in akwai kulli ko gam mai yawa a cikinsa sai an bi sau biyu. Akwai mita a jikin injin da ke nuna wutar da bututu ke sha. Na kafa wa kaina doka ba za ta wuce 22 ba, don bututun ya yi ƙarko.

Talata, 28 ga Janairu

Ƙwayar gilashin ta fashe.

Tun ranar Asabar na lura yanka ba ya ratsawa. Abin da ke fita a gudun 16 sai na rage zuwa 12, sannan 10. Maimakon in tsaya in duba, sai na riƙa ƙara ƙarfi. Yau da azahar na ji wata 'yar ƙara, ɗas, daga nan hasken ya daina yanka, sai dai ya bar baƙin layi mai faɗi. Na kwance kan injin na tarar da ƙwayar ta rabu biyu, da baƙin tabo a tsakiyarta.

Hunturu ne. Makon nan hazo ya rufe gari, da yamma motocin kan titi fitila suke kunnawa. Ƙurar ta shiga ta bututun hayaƙi da ƙarƙashin ƙofa, famfon iskar da ke hura bakin yanka shi ma yana zuƙo ta yana fesa ta kai tsaye a kan ƙwayar. Ita ƙwayar aikinta ta bar haske ya wuce. Da ƙura ta haɗu da hayaƙin filawud ta manne mata, sai dattin ya riƙa shan zafin, ni kuma ina ƙara masa wuta, har gilashin ya kasa ɗauka. Madubai ukun ma duk sun yi furfura da ƙura. Takardar injin ta ce a goge su sau ɗaya a mako, amma wanda ya rubuta ta ba Janairun Gombe yake magana a kai ba.

Na sa safar hannu na kwashe gutsattsarin na ƙulle a leda, don sinadarin da ake yin ta da shi yana da guba. Na yi odar guda biyu daga Legas, dubu 38 kowace. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba. Kwana uku injin yana nuna mini alama.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Muna jira. Mun toshe ƙarƙashin ƙofa da soso, tela ya ɗinka wa injin riga da tamfol, na ɗaura matatar iska ta babur a bakin famfon iska.

Muna cikin haka yaron ya tambaye ni wa ya ƙirƙiro abin nan. Na gaya masa abin da na karanta kafin in sayi injin: a 1960 wani Ba'amurke, Theodore Maiman, ya haɗa leza ta farko da dutsen yaƙutu, kuma irin tamu mai iskar CO2 wani ɗan asalin Indiya ne, Kumar Patel, ya samar da ita a 1964 a ɗakin binciken Bell Labs. Ya yi lissafi da yatsu ya ce, "To Kawu, ai ta girme ka." Na ce ƙwarai, fiye da shekara hamsin ana aiki da ita a masana'antun duniya. Na miƙa masa cajar wayarsa na ce ya duba ƙananan rubutun da ke jikinta. Da yawa irinsu ba tawada ba ce, leza ce ta zana su, shi ya sa ba sa gogewa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ƙwayoyin sun iso. Na sa ɗaya, na ɓoye ɗaya. Sabuwar doka: kowace safiya kafin a kunna, a goge ƙwaya da madubai da auduga da sifirit.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Aikin kuɗi na farko. Maƙalan mukulli 200 na rabon biki, da sunan ango da amarya, a kan filawud. Na karɓi dubu 90. Katako da zobba sun ci dubu 31, fetur ya ci kusan dubu 14, don rabin aikin a janareto aka yi. In injin da fankar hayaƙi da famfon iska suna aiki tare, ƙaramin janareto ba ya ɗauka. Dole in riƙa sa kuɗin mai a farashi tun farko.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na mayar da aiki yau, kuma babba ne. Wani Alhaji mai ɗinkin kujeru ya kawo nadin fatar roba, yana son a yanka masa fure-fure na kujerun zaure. Na roƙe shi ya ba ni minti biyu. Na ƙona bakin wayar tagulla a wuta, na dangwala a jikin robar, na mayar cikin harshen wutar. Nan take ya koma kore. Alamar akwai sinadarin kulorin ke nan, wato PVC ce. In leza ta ƙona ta, hayaƙin yana zama asid, ya ci huhun mutum, ya sa ƙarfen injin da madubansa tsatsa.

Ya ce, "Haba Malam, a wani wuri ai yanka mini suke yi." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaron mutane ne ke tsayawa a kan injin nan, amana aka ba ni." Bai ji daɗi ba, ya naɗe kayansa. Na rubuta a bango: ban da fatar roba, ban da fileks na bana, ban da fayif na ruwa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Abokina mai walda ya zo da falanki na ƙarfe milimita 2, yana son adon ƙofar gida irin wanda ake yayi yanzu. Na ce injina ba zai iya ba. Ya yi mamaki, a ganinsa leza leza ce.

Bambancin a irin hasken yake. Tsawon igiyar hasken CO2 maikuromita 10.6 ne; katako, fata da akirilik suna shanye shi, ƙarfe kuwa mayar da mafi yawansa yake yi kamar madubi. Masu yanka ƙarfe a yau galibi faiba leza suke amfani da ita, wadda igiyar haskenta ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na tamu, ƙarfe kuma yana shan ta sosai. Ƙarfinta ma ba a wat 80 ake magana ba, daga wat dubu ɗaya zuwa sama ne, ga tukwanen iska: oksijin don baƙin ƙarfe, naitirojin don ƙarfen da ba ya tsatsa, don bakin yankan ya fita fari. Manyansu wutar layi uku suke so. Ya yi shiru, sannan ya ce duk wanda ya kafa irinta a garin nan, masu walda daga Pantami har Bolari layi za su yi masa. Na yarda da shi, amma ba da wutar da muke samu a layinmu ba. Na dai yanka masa zanen a filawud, zai ɗora a kan ƙarfen ya bi da alli.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Wannan ranar ta canza mini tunani a kan abin da shagon nan zai zama.

Akwai wani dattijo baduku da mahaifinmu ke sayen takalmi a wurinsa tun muna yara. Na je gaishe shi a kasuwa, na roƙi ragowar fata in gwada. Ya ba ni iri biyu. Ɗaya ta kamfani ce, in an yanka ta cikinta shuɗi-shuɗi, alamar da sinadarin kurom aka jeme ta. Ita ba na son hayaƙinta, na ajiye. Ɗayar jar fatar akuya ce, jimar gida da bagaruwa. Ashe abin da masu leza a ƙasashen waje ke nema su saya da tsada, fatar da aka jeme da tsiro, shi ne majemanmu ke yi tun kaka da kakanni.

Na sa ta a gudun 300, ƙarfi kashi 13. Zanen ya fito ruwan ƙasa mai duhu, layi siriri, tsaf. Na kai wa Baba baduku da yamma. Ya sa tabarau, ya shinshina, ya murza gefen da babban yatsa, ya nuna mini baƙin da ya hau yatsan. Ya ce, "Ɗana, zanen ya yi kyau. Amma wuta ta ci bakinta. Mutum ya rataya wannan a kan farar riga ranar Idi, sai ya dawo ya neme ni." Gaskiyarsa. Ni zanen nake kallo, shi kuwa yana kallon wanda zai rataya.

Muka tsaya a kan haka: injin ya yi zane da hudojin ɗinki, yankan gefe ya bar wa wuƙar Baba. Hudojin ne ma suka fi burge shi, don ya ce idonsa ya fara gajiya da basilla, ga su nan a jere tazararsu ɗaya. Ya tambaye ni ko injin zai kori dukawa. Na ce ba ya jima, ba ya rini, ba ya ɗinki, kuma bai san fatar da za ta yi shekara goma ba. Ya ce in zo bayan an ga wata.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Mun mayar da aiki daga bayan asuba zuwa sha ɗaya na safe.

Asabar, 8 ga Maris

Hazo ya tafi, zafi ya sauko, da shi kuma sabuwar matsala. Ruwan bututu ana son ya tsaya wajen digiri 20, kada dai ya haura 25. Na'urar sanyayawar da ta zo da injin fanka ce kawai ke hura ruwan. Ba ta iya sauke shi ƙasa da zafin ɗaki. A Janairu da safe ba ta ba ni matsala ba. Kwanan baya da ƙarfe goma mita ta nuna 33, yanka ya yi rauni, na kashe nan take. Darasin ƙwayar gilashi bai bar ni ba.

Na gwada dabarar ƙanƙara: na mayar da ruwan cikin babban bokiti mai murfi, na jefa gorunan ƙanƙara a rufe don kada ruwansu ya gauraya da tataccen. Ya sauka zuwa 21, ya riƙe kamar awa ɗaya da rabi. Amma wa ke samun ƙanƙara da araha a azumi? Kowa ita yake nema don buɗa-baki. A kwana huɗu ta ci mini dubu 12, kuma ruwan yana hawa yana sauka, abin da gilashi ba ya so.

Na yi shawara da yayana. Ya ce, "Ka sayar da fili ka sayi injin, sannan ka bar shi ya mutu a kan ruwan sanyi?" Ya ranta mini dubu 600, na cika 150, na yi odar na'ura mai kwamfiresa irin ta firji. Da ma da ita ya kamata in fara. Duk wanda zai sayi injin nan a arewa ya sa kuɗinta cikin lissafi tun ranar farko.

Laraba, 12 ga Maris

Ƙaramar gobara. Tiyon iska ya zame daga bakin kan injin ana tsakiyar yanka akirilik milimita 6, wuta ta kama daga ƙasa. Yaron yana tsaye a wurin, ya danna jan maɓalli, ya ɗaga murfi ya rufa jiƙaƙƙen tawul. Asarar falle ɗaya ce da ɗan baƙi a tebur. Na ɗaure tiyon da kilif, na sauko da tukunyar kashe gobara daga bayan ƙofa zuwa gefen injin. Ba a barin sa yana aiki ba kowa, ko da na minti ɗaya ne.

Litinin, 17 ga Maris

Na'urar sanyi ta iso. Digiri 20 cak, har azahar. Sai dai ta ƙara wa janareto nauyi, yanzu in tana aiki ba a kunna komai a shago ban da kwamfuta.

Laraba, 19 ga Maris

Gafaka goma sha biyu na wata makarantar allo da za ta yi sauka bayan Salla. Ni zane da huda, Baba yanka da ɗinki. Malamin ya so a rubuta aya a jikin murfin. Na ba shi haƙuri, don kafin aiki ya fita sai na gwada sau uku ko huɗu, gwajin kuma cikin shara yake ƙarewa. Ya ce ban yi kuskure ba, a bar shi a zayyana da sunan ɗalibi.

Na gwada ƙwarya ma. Tsakiyar zanen ya fita, gefe ya watse, don da zarar jikinta ya lanƙwasa ya bar tazarar inci biyun nan, hasken ba ya haɗuwa wuri guda. Faifayin ƙwarya mai ɗan faɗi zai yiwu. Zagaye cikakke sai da abin juyawa.

Alhamis, 27 ga Maris

Lissafi kafin Salla. Abin da injin ya ci daga farko zuwa yau, har da wayarin, ƙwayoyi da na'urar sanyi: naira miliyan 5 da dubu 561, ban da fetur da ƙanƙara. Abin da ya shigo daga 12 ga Fabrairu: dubu 640, kusan rabinsa daga aikin fata, wanda ban sa shi cikin tsarina ba ko kaɗan lokacin da nake sayar da fili.

Bayan Salla: in fara biyan yayana dubu 100 duk wata, in ƙara wa bututun hayaƙi tsawo ya haura rufin tela, don ya yi mini maganar wari sau biyu kuma yana da gaskiya, in nemi farashin abin juyawa don ƙwarya da kofuna. Baba ya ce masu kayan doki sun ga gafakar, suna son mu zauna. Kafin damina kuma dole a duba rufin shagon, akwai inda yake yoyo daidai saman injin. Gobe za a canza ruwan bututu, galan biyu, a ɗiga a ƙasa tukuna.